Zakin da ke bayan cokali: yadda ake karanta tambarin tsoffin kayan azurfar Ingila

Duk ɗan uwan da ya yi shekara biyu ko uku a Birtaniya ya san kasuwar bayan mota ta safiyar Lahadi, ya kuma san shagunan ƙungiyoyin agaji da ke sayar da kayan da jama'a suka bayar kyauta. Can muke tsintar tukwane da akwatuna da kekunan yara, wasunmu har su haɗa kaya su aika gida. A cikin tarkacen nan da wuya a rasa wani kwali cike da tsoffin cokula da suka yi baƙi, ko butar shayi da ƙyallinta ya dusashe. Mafi yawansu ƙarfe ne da aka yi wa ruwan azurfa. Amma jefi-jefi akan samu azurfa ta gaske a ciki, kuma bambancin a rubuce yake a jikin kayan, da wasu 'yan tambura da kowannensu bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Na daɗe ina bin waɗannan kasuwanni a nan Birmingham, kuma tambayar da 'yan uwa suka fi yi mini ita ce, “Wai Malam, wannan azurfa ce ko kuwa?” Tambayar ba ta wasa ba ce. Amsarta ce za ta nuna ko an cuce ka a ciniki, ko zakka ta hau kanka, ko ma ya halatta ka kai cokalin baki. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta yadda ake karanta tamburan nan, tun daga tushe.

Dalilin da ya sa aka fara bugawa

Azurfa zalla laushi gare ta. In aka ƙera cokali da ita kaɗai, lanƙwashewa zai yi a cikin tuwo. Dole sai an gauraya ta da wani ƙarfe, galibi jan ƙarfe, kafin ta yi ƙwari. To a nan ne ƙofar ha'inci take, domin ido ba ya iya rabe wadda aka sa wa jan ƙarfe kaɗan da wadda aka cika mata shi. A gida, wajen maƙeran fari, maganin wannan matsala shi ne sanayya: ka san maƙerin, ka san ubansa, ko kuma ka kai masa liyari da hannunka ya narka a gabanka. Liyari, wato tsabar Maria Theresa mai ɗauke da shekarar 1780, an yarda da ita ne domin an san nauyinta da yawan azurfar da ke cikinta, kashi 833 cikin 1,000.

Ingilishi wata hanya suka bi. A shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka cewa duk kayan azurfar da za a ƙera sai ingancinsu ya kai na kuɗin ƙasar, wato kashi 925 cikin 1,000 azurfa, sauran 75 ɗin wani ƙarfe. Wannan ma'auni shi ake kira sitalin, sunan da har yau ake liƙa wa fam ɗin Ingila. Dokar ta ce kaya ba za su bar hannun maƙeri ba sai shugabannin sana'ar sun gwada su sun buga musu kan damisa. A 1327 ƙungiyar maƙeran zinare da azurfa ta Landan ta sami takardar izini daga Sarki Edward na Uku. A 1363 aka wajabta wa kowane maƙeri ya riƙa buga tasa alamar, domin in kaya suka fito da algus a san wanda za a kama.

A 1478 aka ƙara matse abin. Maimakon masu gwaji su riƙa zagaya shaguna, sai aka ce maƙera su riƙa kawo kayansu babban zauren ƙungiyar, inda aka ajiye ma'aikaci mai albashi yana gwadawa. Daga sunan wannan zaure kalmar da Turawa ke kiran tambarin da ita, holmak, ta samo asali. A shekarar ce kuma aka fara buga harafi guda da ake sauyawa duk shekara. Mu yau da harafin muke gane shekarun kaya, amma asalinsa an yi shi ne domin a san wane mai gwaji ne ke bakin aiki lokacin da aka buga tambarin. In ya bari jabu ya wuce, shi ma ba zai tsira ba. Ka ga ke nan maƙeri na da mai duba shi, mai dubawar ma na da abin da zai tona masa asiri.

Yadda ake gwajin a da shi ne a kankari ɗan ɓarɓashi daga jikin kayan a auna azurfar da ke ciki. Kayan da suka gaza, farfasa su ake yi a mayar wa mai su. Yau na'ura mai haske ce ke karanta ƙarfen ba tare da an kankare shi ba, amma ƙa'idar ba ta sauya ba: wanda ya gwada ba shi ne mai sayarwa ba.

Tambaya ta farko: azurfa ce?

Juya cokalin ka duba bayan mariƙinsa. In buta ce ko tasa, duba gindinta ko kusa da baki. Abin da za ka fara nema shi ne ɗan zaki yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba guda, ya nufi hagu. An fara buga shi a 1544, shekarar da Sarki Henry na Takwas ya shiga rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasar. Tun daga lokacin, zakin nan shi ne shaidar sitalin a Ingila. In ka gan shi tare da tambarin gari da harafin shekara, to ka riƙe azurfa.

Akwai wani zango da zakin ya ɓace. A ƙarshen ƙarni na 17 mutane sun riƙa yanke gefen tsabar kuɗi ko su narka ta gaba ɗaya su kai wa maƙera, tunda kuɗin da kayan tebur duk ma'auninsu ɗaya ne. Don a toshe wannan, daga 1697 zuwa 1720 aka tilasta wa maƙera yin aiki da azurfar da ta fi ta kuɗi tsabta, kashi 958 cikin 1,000. Tambarin wannan ma'auni hoton wata mace ce a zaune riƙe da mashi da garkuwa, ana kiran ta Britannia. A 1720 aka dawo da sitalin, amma aka bar na Britannia ga mai so, har yau.

'Yan uwa na Amurka su lura da wani abu. Tsoffin kayan Ingila ba a rubuta musu kalmar STERLING, hoto ake bugawa. Kayan da ke ɗauke da kalmar ita kaɗai galibi na Amurka ne, kuma can kamfanin da ya ƙera shi ke buga wa kansa, babu wani ofishi na daban da ya gwada.

Tambaya ta biyu: a wane gari aka gwada?

Kan damisa, wanda in ka dube shi da kyau ya fi kama da fuskar zaki, ya zama alamar Landan. Daga 1478 zuwa 1821 yana sanye da kambi, daga 1821 aka cire masa. Wannan kaɗai ya isa ya raba maka tsohon kaya da wanda bai kai shi ba.

Birmingham anka gare ta, wato ƙugiyar da jirgin ruwa ke jefawa ya tsaya. Abin dariya, garin nan na cikin garuruwan Ingila da suka fi nisa da teku. Kafin 1773 maƙeran Birmingham sai sun ɗora kayansu a keken doki zuwa Chester, tafiyar da ta haura mil 70, ko kuma Landan, kayan su dawo a lotse. Wani babban mai masana'anta, Matthew Boulton, shi ya tsaya kai da fata a majalisa har aka buɗe wa Birmingham da Sheffield nasu ofisoshin a 1773, duk da adawar maƙeran Landan. Hikayar da ake bayarwa ita ce wakilan garuruwan biyu suna taruwa ne a wata mashaya ta Landan da sunanta ke nufin kambi da anka, sai suka raba sunan: Sheffield ta ɗauki kambi, Birmingham ta ɗauki anka. Sheffield ta riƙe kambinta a kan azurfa har 1975, sannan ta koma furen wardi.

Edinburgh ta Sikotlan ganuwa ce mai hasumiya uku. Waɗannan huɗun, Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh, su ne ke aiki har yanzu. Akwai waɗanda aka rufe amma kayansu na nan suna yawo: Exeter a 1883, Newcastle a 1884, Chester a 1962, Glasgow a 1964. Tambarin Chester na ƙarshe takobi ne a tsakanin dami uku na alkama. Masu tara kayan tarihi kan ƙara kuɗi a kan tambarin ofishin da aka rufe, domin kayansa ba su da yawa.

Tambaya ta uku: wace shekara?

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kowane gari da nasa jerin haruffa, kuma in jeri ya ƙare sai a sake farawa da wani salon rubutu da wata siffar garkuwar da ke kewaye da harafin. Kafin 1975 Landan haruffa 20 take amfani da su, daga A zuwa U ban da J, tana sauyawa a watan Mayu. Don haka harafi ɗaya kan ɗauki rabin wannan shekara da rabin ta gaba. Sai daga 1975 aka daidaita duka ofisoshin suka koma harafi ɗaya, ana sauyawa ran 1 ga Janairu.

Kafin in ba da misali, sai an san tambari na biyar. Daga Disamban 1784 zuwa 1890 gwamnati na karɓar haraji a kan kowane awo na azurfar da aka ƙera, kuma shaidar an biya ita ce a buga kan sarkin da ke mulki. Kan Sarauniya Victoria hagu yake kallo. Na sarakunan da suka gabace ta dama suke kallo, in ban da shekara biyun farko.

To ga misalin. A ce ka tsinci cokali mai zaki, da kan damisa, da ƙaramin harafin a. A Landan an yi amfani da ƙaramin a irin na boko a 1776, da 1816, da 1896. Yaya za ka raba su? In damisar na da kambi kuma babu kan sarki, a cikin waɗannan ukun 1776 ce, domin lokacin ba a fara buga kan sarki ba. In tana da kambi ga kuma kan sarki, 1816 ce, zamanin George na Uku. In babu kambi babu kan sarki, 1896 ce, an riga an soke harajin. Shekara 120 ke tsakanin na farko da na ƙarshe, kuma tamburan da ke gefen harafin ne suka warware maka. Akwai ƙaramin littafin aljihu na Bradbury da ya jera haruffan kowane gari, akwai kuma irin jadawalin a shafukan intanet na ofisoshin gwajin. Da shi da ɗan gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ka gama shiri.

A kiyaye, ba kowane kan sarauta ne na haraji ba. An buga na tunawa da bukukuwa, kamar naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, da cikarta shekara 25 a 1977, da naɗin Sarki Charles a 2023.

Tambaya ta huɗu: wa ya ƙera?

Haruffa biyu ko uku a cikin ɗan gida, su ne farkon sunan maƙerin ko kamfanin da ya kai kayan gwaji. A nan ne farashi ke tashi daga kuɗin ƙarfe ya koma kuɗin suna. HB cikin rubutun hannu mai lanƙwasa alamar Hester Bateman ce, matar da mijinta ya rasu a 1760, ta yi rajistar tambarinta a 1761, ta riƙe maƙerar da 'ya'yanta har ta yi murabus a 1790. PS na iya zama Paul Storr, wanda ya ƙera wa gidan sarauta kaya a farkon ƙarni na 19.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Paul de Lamerie, da ake ganin babu kamarsa a maƙeran azurfar Landan na ƙarni na 18. Ɗan 'yan gudun hijira ne. Iyayensa Faransawa ne mabiya Furotesta da suka bar ƙasarsu saboda tsanantawar addini, irin wadda ta kori dubban mutane bayan 1685. An haife shi a Holan a 1688, aka kawo shi Landan yana jariri. Maƙeran gari sun sha kai ƙarar baƙin nan wajen ƙungiya, wai suna ƙwace musu aiki. Yau kayan baƙin ne ake nunawa a gidan tarihi na Victoria da Albert a matsayin abin alfaharin Ingila. Wanda ke zaman ƙasar wani ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Akwai kuma ɓangaren tarihin da bai kamata mu kau da kai ba. Yawancin kayan nan, butoci da kwanon sukari da 'yar hantsakin ɗaukar sukari da akwatin ganyen shayi mai makulli, sun yawaita ne a ƙarni na 18 lokacin da shan shayi ya kama Ingila. Ganyen daga Sin yake zuwa, sukarin kuwa daga gonakin rake na Jamaika da Barbados, inda bayi 'yan Afirka ke aikin. Akwai ma wata alaƙa ta kusa da mu: sulen farko na Afirka ta Yamma mai hoton itacen kwakwa, da aka fara bugawa a 1913, da azurfar sitalin aka yi shi, irin ta cokulan nan. Daga 1920 aka daina.

Ruwan azurfa da tamburan da ke kwaikwayo

Kashi mafi yawa na abin da za ka gani a kasuwa ba azurfa ba ne. Wajen 1743 wani maƙerin Sheffield, Thomas Boulsover, ya gano yadda ake manna fallen azurfa a kan jan ƙarfe da wuta. A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya sami rajistar yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki. Daga nan masu matsakaicin hali suka samu kayan tebur masu ƙyalli a kan araha, aka ƙera su ba iyaka.

Masu waɗannan kaya su ma suna buga haruffa huɗu ko biyar a jere, kowane a cikin 'yar garkuwa, da rubutu mai ƙawa, yadda daga nesa za ka rantse tambarin gwaji ne. Karanta su a hankali. In ka ga EPNS, ko EP, ko EPBM, ko A1, to ruwa ne. Ƙarfen da ke ƙarƙashin EPNS gaurayen jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu ɗigon azurfa a cikinsa. Wata alamar ita ce wurin da ya fi gogewa, kamar bayan bakin cokali ko gefen tire: in wani launi ya leƙo, ja ko rawaya-rawaya, ruwan ne ya sale. Mayen ƙarfe kuwa ba ya raba gardama, domin ba ya kama azurfa, ba ya kuma kama yawancin kayan ruwan.

Wata Hajiya a unguwarmu ta taɓa kawo mini akwatin katako cike da cokula da wuƙaƙe da masu yatsu, ta saya za ta sa a kayan ɗakin 'yarta. Mai sayarwar ya ce mata azurfa ce, ta biya kuɗi masu kauri. Na juya guda na nuna mata haruffan. Ta yi shiru, can ta ce, “To Malam, yanzu asara na yi ke nan?” Na ce, “Hajiya, a kuɗi an ƙware ki. Amma da azurfar ce, da amarya ba za ta ci da su ba.” A wannan makon kuma wani ɗalibi ya nuna mini ƙananan cokula shida da ya saya a kan kuɗin kofin shayi, yana ta motsa shayinsa da su wata da watanni. Zaki da anka ne a bayan kowanne.

Ko tambarin gaske ma akan yi wasa da shi

Tun a ƙarni na 18 wasu maƙera, don gudun haraji, sukan kai ƙaramin abu a buga masa tambari, su yanko wurin su liƙa a gindin babbar buta. 'Yan damfara na baya sun gaji dabarar: a yanko tambarin tsohon cokali a dasa a sabon kaya. In ka hura numfashi a wurin, wani lokaci layin liƙin kan bayyana. A zamanin Victoria kuma an riƙa ɗaukar cokulan da aka ƙera ba ado shekaru da dama kafin nan, a buga musu zanen 'ya'yan itace a baki. Tambarin na gaske ne, adon ne baƙo, kuma masana ba sa sayen su da daraja. Buta mai murfi, ya kamata murfin ma ya ɗauki wani ɓangare na tambarin da ya dace da na jiki.

Hukuma ba ta ɗauki abin da wasa ba. A 1757 buga tambarin jabu laifin kisa ne. Yau, a ƙarƙashin dokar 1973, yana iya kai mutum ɗaurin shekara 10. Tun 1939 ƙungiyar maƙeran Landan na da kwamiti na musamman da ake kai wa tsoffin kayan da ake shakka. Dokar ta kuma hana ɗan kasuwa ya kira abu azurfa in babu tambarin gwaji, sai fa in nauyinsa bai kai giram 7.78 ba, ko yana cikin wasu tsoffin kaya da aka keɓe. A sababbin kaya, tun 1999 abu uku ne dole: alamar mai kayan, lambar inganci kamar 925, da alamar ofishin. Zaki da harafin shekara sun zama na ganin dama.

Abin da ya shafe mu a matsayin Musulmi

Hadisai ingantattu a Buhari da Muslim sun hana ci da sha a kwanon zinare da na azurfa, kuma hanin ya haɗa maza da mata. Adon mata da zoben azurfa na namiji ba sa ciki. A mazhabarmu ta Malikiyya, Muhtasar na Shehu Halil ya haɗa har da ajiye irin waɗannan kwanuka a cikin hanin, yayin da ya kawo zance biyu a kan wanda aka yi wa ruwa kawai. Malaman Hanafiyya sun sauƙaƙa a kan ajiyewa don ado. Fatawa ta malamai ce, amma malam ba zai iya ba ka ita ba sai ka gaya masa abin da ke hannunka, kuma tambarin ne zai gaya maka.

Sai zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda akasarin malamai suka ƙiyasta da giram 595, wasu 612. In aka lissafa da azurfar da ke cikin sitalin, giram 595 zalla na cikin kayan da nauyinsu ya kai kimanin giram 643. Babban cokalin miya na zamanin da yakan kai giram 60 zuwa 70. Ashe cokula goma ko sha ɗaya sun kai nisabi, buta guda mai nauyi ma na iya kaiwa. In shekara ta zagayo a kansu, ɗaya bisa arba'in ya wajaba. Mutum na iya ajiye su a kabad yana ganin kwalliya ce, alhali haƙƙin talakawa na kansa. Haka in an zo rabon gado: kwalin cokulan da magada za su bar wa duk wanda ya ga dama, wataƙila ya fi talabijin ɗin da ake jayayya a kai. A tuna kuma cinikin azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yin sa, ba a kan bashi ba.

Wajen awo a yi hattara. Mariƙin wuƙa fallen azurfa ne siriri da aka cika cikinsa da danƙo, bakin kuma ƙarfe ne. Yawancin mazaunan kyandir ma an cika gindinsu don su yi nauyi. Kada a ɗora irin waɗannan a sikeli a ce duk azurfa ce. 'Yan kasuwa da awon tiroyi suke lissafi, wanda ya yi daidai da giram 31.1.

In za a sayar ko a fita da su

Shagunan da ke sayen zinare da azurfa don narkawa nauyi kawai suke biya, su cire ribarsu. Ga cokalin da ya lanƙwashe ko wanda aka ƙera dubbai irinsa, wannan ba laifi. Amma kayan da suka haura shekara 150, ko masu tambarin sanannen maƙeri ko rufaffen ofishi, a fara kai su gidan gwanjo a ji ta bakinsu, yawanci ba sa karɓar kuɗin dubawa. Wanda ke Landan ya leƙa rumbunan azurfa na ƙarƙashin ƙasa da ke Chancery Lane, ko kasuwar Portobello ranar Asabar, ya ga yadda ake sa farashi. A Janairun 1980, da farashin azurfa ya kusa dala 50 kowane awo, mutane sun yi layi suna kai kayan kakanninsu narkawa, kuma abin da ya shiga wuta ba ya dawowa.

Dokoki biyu su ma a san da su. Tsoffin butocin shayi da yawa na da ɗan hauren giwa a mariƙi don hana zafi kaiwa hannu. Tun Yunin 2022 dokar Birtaniya ta hana cinikin kayan da ke da haure, sai wanda aka ƙera kafin 1947, hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsa ba, kuma an yi masa rajista. Sannan kayan tarihi da suka haura shekara 50 kuma darajarsu ta yi yawa, sai da lasisi ake fita da su daga ƙasar. Cokulan kasuwar Lahadi ba su kai nan ba, amma mai shirin cika kwantena da tsoffin kaya ya bincika tukuna.

Wanda kayan ke hannunsa kafin ya yanke shawara, ya wanke su da ruwan ɗumi da sabulu ya tsane da ƙyalle mai laushi. Kada a sa su a injin wanke kwanuka, kada a ɗaure su da roba, kada a bar gishiri ko ƙwai a jikinsu. Baƙin da azurfa ke yi daga iska yake, ba lalacewa ba ne, yana fita da man goge azurfa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne dirza da toka ko soson ƙarfe yadda muka saba yi wa tukunya. Na ga cokula da dama da aka goge su har zakin ya shafe, harafin ya zama ɗan rami. In za ka goge, ɗora babban yatsanka a kan tamburan ka kewaye su. Da zarar sun shafe, dillali zai kira kayan farin ƙarfe kawai, ya kuma biya ka abin da ya ga dama.